Anime: Tarihi, rabe-rabe da dalilan karɓuwar zane mai motsi na ƙasar Japan

Anime shi ne sunan da duniya ta san zane mai motsi na ƙasar Japan da shi. A bakin Japanawa kalmar na nufin kowane irin katun, ko daga wace ƙasa ya fito, amma a wajen Japan an keɓe ta ga wanda aka yi a can. Sana'ar ta haura shekara ɗari, kuma a yau tana cikin manyan abubuwan da ƙasar ke fitarwa zuwa ƙetare a fagen al'adu.

Abin da ya bambanta anime da yawancin katun na sauran ƙasashe shi ne faɗin masu kallonsa. A wurare da dama an ɗauki zane mai motsi a matsayin abin rarrashin yara. Su kuwa Japanawa sun ɗauke shi hanyar ba da labari kamar yadda rubutu yake, wato ana iya isar da tatsuniyar yara da shi, ana kuma iya isar da labarin yaƙi, ko siyasa, ko aure, ko mutuwa.

Abin da ya faru ranar 16 ga Afrilu, 1988 ya isa misali. A ranar ce kamfanin Studio Ghibli ya saki finafinai biyu tare, ana nuna su da tikiti ɗaya. Na farko, My Neighbor Totoro, labarin wasu 'yan mata biyu ne da suka koma ƙauye tare da mahaifinsu, suka yi abota da wata halittar daji mai taushin hali. Na biyu, Grave of the Fireflies, labarin wani yaro ne ɗan shekara 14 da ƙanwarsa 'yar shekara huɗu, waɗanda yunwa ta kashe bayan ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Kobe a 1945. Kamfani ɗaya ne, salon zanen ma kusan ɗaya, amma wanda ya zaunar da ƙaramin yaro gaban na biyun bisa zaton wasan yara ne, ya yi kuskure babba.

Asali da tarihi

Finafinan zane na farko da aka yi domin nunawa a gidajen kallo na Japan sun fito a 1917, daga hannun mutum uku: Oten Shimokawa, Jun'ichi Kouchi da Seitaro Kitayama. Gajeru ne na 'yan mintuna, kuma akasarinsu sun salwanta, musamman a girgizar ƙasar da ta rushe Tokyo a 1923. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta yi amfani da sana'ar wajen farfaganda. Ma'aikatar sojin ruwa ce ta ɗauki nauyin dogon fim ɗin zane na farko a ƙasar, wanda Mitsuyo Seo ya shirya a kan gwarzon tatsuniya Momotaro, aka sake shi a 1945.

Bayan yaƙi aka kafa kamfanin Toei Doga a 1956 da burin yin gogayya da Disney na Amurka. A 1958 ya fitar da Hakujaden, dogon fim na farko mai launi, wanda aka gina a kan wata tatsuniyar ƙasar Sin.

Sai dai mutumin da ya aza wa anime tubalin da yake kai har yau shi ne Osamu Tezuka, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 1989. Likitanci ya karanta, amma zane ya riƙa a matsayin sana'a. Ranar 1 ga Janairu, 1963 tashar Fuji ta fara nuna shirinsa Tetsuwan Atomu, wanda duniya ta sani da Astro Boy, labarin wani mutum-mutumi mai siffar yaro da zuciya irin ta ɗan Adam. An yi kashi 193 kafin ya ƙare a 1966.

Fitar da shirin rabin awa kowane mako abu ne da masu sana'ar ke ganin ba zai yiwu ba a lokacin, domin fim na cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma kowane zane da hannu ake yin sa. Tezuka ya rage yawan zanen zuwa takwas ko ƙasa da haka a daƙiƙa. Ya riƙa tsayar da jikin mai magana ana motsa bakinsa kaɗai, yana jan kyamara a kan zane guda, yana kuma ajiye wasu fitowa domin sake amfani da su. Rashin kuɗi da ƙarancin lokaci ne suka haifar da waɗannan dabaru, amma daga baya suka zama salo. Tunda motsi ya yi ƙaranci, sai nauyin ya koma kan labari, da yanayin fuska, da manyan idanu masu bayyana abin da ke zuciya, da kiɗa, da muryoyin 'yan wasa.

Yadda ake raba masu kallo

Mafi yawan shirye-shiryen anime daga manga suke samo asali, wato labaran zane da ake bugawa kashi-kashi a mujallu na mako ko na wata, daga baya a tattara su a littattafai. Kowace mujalla tana da rukunin masu karatun da take nufa, kuma daga nan aka samo sunaye biyar da ake yawan ji: kodomo na ƙananan yara, shonen na samari, shojo na 'yan mata, seinen na maza manya, sai josei na mata manya.

Waɗannan sunaye suna nuna wanda mujallar ta yi niyyar sayar wa ne kawai, ba su tabbatar da abin da ke cikin labarin ba. Death Note, labarin ɗalibin da ya tsinci littafin da ke kashe duk wanda aka rubuta sunansa a ciki, a mujallar samari aka buga shi. Haka ma Attack on Titan, mai cike da zubar da jini da muhawara a kan kisan ƙare dangi. A ɗaya ɓangaren kuma, K-On!, labarin 'yan matan sakandare masu ƙungiyar kiɗa da shan shayi, wanda babu ko faɗa a cikinsa, a mujallar maza manya ya fito. Masu kallo ma ba su tsaya inda aka ajiye su ba, domin mata da yawa na bin labaran samari, dattawa kuma na bin na yara.

Na yara da na iyali

Shirin da ya fi kowane daɗewa shi ne Sazae-san, wanda ake nunawa tun Oktoban 1969, kuma kundin Guinness ya tabbatar da shi a matsayin shirin zane na talabijin mafi tsawon rai a duniya. Daga zanen jarida na Machiko Hasegawa aka ɗauko shi. Babu jarumi ko mugu a cikinsa, sai wata matar aure da ke zaune gida ɗaya da iyayenta da ƙannenta da mijinta da ɗanta, da 'yan rigingimun yau da kullum. Da yammacin kowace Lahadi ake nuna shi, lokacin da iyali ke haɗuwa cin abinci.

Doraemon kuwa mutum-mutumi ne mai siffar kyanwa da aka aiko daga ƙarni na 22 domin ya taimaki wani yaro malalaci mai suna Nobita. A kowane kashi yakan zaro wata na'ura daga aljihunsa, Nobita ya yi amfani da ita wajen neman sauƙi, daga ƙarshe abin ya juye masa. Fujiko F. Fujio ya fara zana shi a 1969, kuma a 2008 ma'aikatar harkokin wajen Japan ta naɗa Doraemon jakadan anime.

Ga 'yan ƙasa da shekara biyar akwai Anpanman, gwarzon da kansa burodi ne, wanda idan ya ga mai jin yunwa sai ya gutsura kansa ya ba shi. Mai zanen, Takashi Yanase, ya ɗanɗana yunwa lokacin da yake soja a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma daga nan ya ɗauki ra'ayin cewa ciyar da mai yunwa shi ne adalcin da ba ya sauyawa da sauyin wanda ya ci yaƙi.

Na samari

Wannan ne ɓangaren da ya fi shahara a wajen Japan, kuma cibiyarsa ita ce mujallar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda aka kafa a 1968. A ganiyarta, a 1995, ana buga kwafi miliyan 6.53 a mako. An san ta da ginshiƙai uku: abota, ƙoƙari da nasara. Tana kuma tambayar masu karatu ra'ayinsu kowane mako, labarin da ya daɗe a ƙasan jeri sai a yanke shi. Wannan gasa ce ta sa marubutanta suka ƙware wajen rufe kowane babi a inda mai karatu zai ƙagu ya ga na gaba.

Daga cikinta Dragon Ball na Akira Toriyama ya fito a 1984, aka mayar da shi shirin talabijin a 1986. Da Toriyama ya rasu ranar 1 ga Maris, 2024 yana da shekara 68, har shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi ta'aziyyarsa. One Piece na Eiichiro Oda ya fara a 1997, shirin talabijin ɗinsa ya haura kashi dubu, littattafansa kuma sun wuce kwafi miliyan 500. Naruto na Masashi Kishimoto, wanda aka buga daga 1999 zuwa 2014, labarin maraya ne da mutanen garinsu ke ƙyama, ya sha alwashin sai ya zama shugabansu.

Tsarin irin waɗannan labarai sananne ne. Yaron da aka raina zai samu malami, ya sha wahalar horo, ya fāɗi, ya tashi, abokin gabarsa na jiya ya zama amininsa na yau. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne tsawon tafiyar, domin jarumin na girma tare da shi. Wanda ya fara kallon Naruto yana firamare ya ga ƙarshensa yana jami'a, lokacin da jarumin ya yi aure ya haihu.

Wasanni ma na da babban gurbi. Captain Tsubasa na Yoichi Takahashi ya fara a 1981, lokacin da Japan ba ta da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru. An fara buga gasar J.League a 1993, ƙasar ta je gasar cin kofin duniya karon farko a 1998, kuma 'yan wasanta da dama sun ce wannan labari ne ya sa su fara buga ƙwallo. Fernando Torres da Andres Iniesta na Sifaniya ma sun ambace shi cikin abubuwan da suka taso da su. Slam Dunk ya yi wa ƙwallon kwando irin wannan hidima, Haikyu!! kuma ya yi wa ƙwallon raga.

Na 'yan mata da na mata

Tun a 1966 kamfanin Toei ya fitar da Sally the Witch domin 'yan mata, kuma daga shi aka samu reshen labaran yarinya mai ikon sihiri. Wannan reshe ya kai ƙololuwa da Sailor Moon na Naoko Takeuchi, wanda aka fara nunawa a 1992, inda 'yan matan makaranta ne ke haɗa ƙarfi su ceci duniya da kansu.

A shekarun 1970 mata masu zane suka karɓe ragamar mujallun 'yan mata daga hannun maza, suka shigo da tarihi da siyasa da zurfin tunani. Fitacce a cikin ayyukansu shi ne The Rose of Versailles na Riyoko Ikeda, wanda aka fara bugawa a 1972, aka mayar da shi shirin talabijin a 1979. Labarin Oscar ne, 'yar wani janar da mahaifinta ya rene ta a matsayin namiji, ta zama shugabar dogaran Sarauniya Marie Antoinette, har juyin juya halin Faransa na 1789 ya tilasta mata zaɓa tsakanin fada da talakawa.

Labaran mata manya sun fi karkata ga aiki, da aure, da buri. Nodame Cantabile a kan ɗaliban makarantar kiɗa yake. Chihayafuru kuma a kan gasar wani wasan kati ne da aka gina a kan tsofaffin waƙoƙi ɗari na Japan, inda alƙali ke karanta farkon baiti, 'yan wasa su yi rige-rigen taɓa katin da ke ɗauke da ƙarshensa.

Na manya

Finafinai biyu ne suka fara nuna wa Turai da Amurka cewa akwai zanen da aka yi domin manya. Akira na Katsuhiro Otomo, na 1988, ya nuna birnin Tokyo bayan wani yaƙin duniya, cike da 'yan daba masu babura da gwamnatin da ke gwaji a kan yara. Ghost in the Shell na Mamoru Oshii, na 1995, ya yi tambaya a kan abin da ya rage na mutum idan aka maye gurbin jikinsa da inji. Waɗanda suka shirya fim ɗin The Matrix na 1999 sun amsa cewa ya yi tasiri a kansu.

Labaran manyan injinan yaƙi ma sun balaga da tafiyar lokaci. A Mazinger Z na 1972 jarumi ne ke tuƙa inji ya murƙushe miyagu. Da Yoshiyuki Tomino ya zo da Mobile Suit Gundam a 1979, sai injin ya zama makami kamar tankar yaƙi, kowane ɓangare na da hujjarsa da mutanen kirki, matuƙin kuma yaro ne da yaƙi ke lalata wa rayuwa. Neon Genesis Evangelion na Hideaki Anno, na 1995, ya ƙara nutsawa cikin ciwon damuwa da ɓaraka tsakanin ɗa da uba.

A Monster na Naoki Urasawa, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Japan da ke aiki a Jamus ya zaɓi ceton ran wani yaro maimakon magajin gari, daga baya yaron ya girma ya zama makashi. Kashi 74 aka yi ana bin tambaya ɗaya: shin duk rayuka daidai suke? Vinland Saga kuwa ya bi wani matashi na zamanin mayaƙan Viking da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman fansar mahaifinsa, ya faɗa bauta, sannan ya yanke shawarar ajiye takobi.

Yaƙin Duniya na Biyu na yawan dawowa a wannan fage. Keiji Nakazawa yana ɗan shekara shida aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ya rasa mahaifinsa da 'yan uwansa biyu a ranar. Abin da ya gani da idonsa ya zuba a Barefoot Gen, wanda aka yi fim ɗinsa a 1983.

Akwai kuma labaran da ba tashin hankali ne jigonsu ba. Silver Spoon a makarantar koyon noma da kiwo ta tsibirin Hokkaido yake, kuma mai zanensa, Hiromu Arakawa, a gidan makiyayan shanun madara ta tashi. Cells at Work! ya mayar da ƙwayoyin jini ma'aikata masu kai saƙo da masu gadi a cikin jikin mutum. March Comes in Like a Lion labarin maraya ne ƙwararre a shogi, wasan dara na Japan, da yadda wasu maƙwabta suka cire shi daga kaɗaici.

Studio Ghibli da gidajen kallo

Hayao Miyazaki da Isao Takahata da Toshio Suzuki ne suka kafa Studio Ghibli a 1985. Sunan daga hamadar Sahara ya samo asali, domin kalma ce da ake kiran iska mai zafi da ita a Libiya, Italiyawa suka ara suka sa wa wani jirgin samansu, Miyazaki mai sha'awar jirage kuma ya ɗauko daga nan. An san finafinan kamfanin da jarumai mata ƙanana, da ƙaunar daji da ruwa, da ƙin yaƙi, da kuma rashin mugun da ya ɓaci gaba ɗaya. A Princess Mononoke na 1997, matar da ke sare daji domin narka ƙarfe ita ce kuma ke ba kutare mafaka da aikin yi.

Spirited Away na 2001 ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2002 da kyautar Oscar a 2003. Ya riƙe kambun fim mafi kawo kuɗi a tarihin Japan kusan shekara 19, har zuwa ƙarshen 2020 da Demon Slayer: Mugen Train ya wuce shi. Wannan fim ya tara sama da yen biliyan 40 a Japan kaɗai, kuma shi ne ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a waccan shekara ta annobar korona. Miyazaki ya sake cin Oscar a 2024 da The Boy and the Heron, yana da shekara 83.

Ba Ghibli kaɗai ke cika gidajen kallo ba. A 2016 Makoto Shinkai ya fitar da Your Name, Naoko Yamada kuma ta fitar da A Silent Voice, labarin saurayin da ya zalunci wata kurma a firamare, ya girma da nadama, ya koyi maganar hannu domin ya nemi gafararta.

Bazuwarsa a duniya

Tun a 1963 aka fara nuna Astro Boy a Amurka. A Faransa, Grendizer na Go Nagai ya shiga talabijin a 1978 da sunan Goldorak ya samu gagarumar karɓuwa, kuma har yau Faransa na sahun gaba a cinikin manga a wajen Japan. Ƙasashen Larabawa ma sun karɓi Grendizer hannu bibbiyu bayan an juya shi zuwa Larabci, haka ma Captain Tsubasa da suka sani da Kyaftin Majid. Shahararsa ta kai ga lokacin da sojojin Japan suka je aikin agaji a garin Samawa na Iraƙi daga 2004, an manna hotonsa a jikin tankokin rabon ruwa.

Pokémon, wanda ya fara a matsayin wasan na'ura a 1996 ya zama shirin talabijin a 1997, shi ya shigar da anime gidajen da ba su taɓa jin kalmar ba. Daga baya intanet ta kawar da jiran tashoshi. Dandalin Crunchyroll, wanda kamfanin Sony ya saya a 2021 kan dala biliyan 1.175, yana sakin sabon kashi da fassara jim kaɗan bayan an nuna shi a Japan. Netflix ma ya shiga ɗaukar nauyin shirye-shirye, ciki har da Yasuke na 2021, wanda aka gina a kan tarihin wani ɗan Afirka da ya yi wa sarkin yaƙi Oda Nobunaga hidima wajen 1581. A shekarar ce kuma kamfanin Manga Productions na Saudiyya da Toei suka fitar da fim ɗin The Journey, wanda ya ɗauko labarinsa daga harin rundunar Abraha mai giwaye a kan Makka.

Kasuwa da halin ma'aikata

Ƙungiyar kamfanonin anime ta Japan ta ƙiyasta darajar kasuwar a sama da yen tiriliyan 3.3 a 2023, kuma fiye da rabin kuɗin daga ƙasashen waje ya fito. Ana fitar da sababbin shirye-shirye sau huɗu a shekara, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, yawanci kashi 12 ko 13, kowane na kimanin minti 24.

Akasari haɗakar kamfanoni ce ke zuba jarin kowane shiri: mai buga littafi, da tashar talabijin, da mai sayar da kiɗa, da mai ƙera kayan wasa. Su ke raba asara, su kuma ke riƙe haƙƙin mallaka. Ɗakin zanen da ya yi aikin sau da yawa kuɗin kwangila kawai yake samu, ko da shirin ya yi kasuwa. A nan ne batun kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ya shigo. Sababbin masu zane, waɗanda ke cike zanen da ke tsakanin manyan motsi, da yawansu a kan kowace takarda ake biyan su, kuma an sha ba da rahoton cewa kuɗin bai wuce yen 200 ba. Binciken da ƙungiyar masu zanen ta fitar a 2015 ya nuna matsakaicin abin da irin waɗannan ke samu a shekara kimanin yen miliyan 1.1 ne, abin da ba ya riƙe mutum a Tokyo. Wannan ya sa da yawa ke barin sana'ar tun da wuri, ana kuma tura wani ɓangare na aikin zuwa Koriya ta Kudu, Sin, Filifin da Biyetnam.

Kyoto Animation na cikin kamfanonin da aka yaba wa saboda ɗaukar ma'aikata a kan albashi da horar da su. Ranar 18 ga Yuli, 2019 wani mutum ya cinna wa ɗakin aikinsu wuta, mutum 36 suka mutu, mafi yawansu matasa masu zane.

Abin lura ga iyaye

Faɗin da ya sa anime ya samu karɓuwa shi ne kuma ke wajabta lura. A Japan lokacin nunawa na raba masu kallo: na yara da safe ko da yamma, na manya kuma bayan tsakar dare. Hukumar tace finafinai ta ƙasar, Eirin, tana da matakai huɗu: G na kowa, PG12 mai buƙatar jagorancin iyaye ga 'yan ƙasa da 12, sai R15+ da R18+. Amma a wayar hannu wannan shinge ya faɗi, domin shirin tsakar dare da na safiya suna jere a shafi ɗaya, da zane mai kama da juna. Wasu na ɗauke da zubar da jini mai tsanani, wasu da tsiraici, akwai ma reshen batsa zalla.

Labarai da yawa kuma na ɗauke da aƙidun Shinto da Buddha, kamar allolin koguna da duwatsu, da aljanu, da sake dawowa duniya bayan mutuwa. An taɓa samun saɓani da Musulmi. A 2001 Saudiyya ta haramta wasannin Pokémon. A 2008 kamfanin Shueisha ya nemi afuwa bayan an ga shafukan Alƙur'ani a hannun wani mugu a cikin JoJo's Bizarre Adventure, aka dakatar da sayar da faifan. A 2019 kamfanin Aniplex ya janye wani faifan kiɗan Demon Slayer da aka sa sautin kiran salla a ciki, shi ma ya nemi afuwa.

Lafiya ma ta taɓa shiga ciki. Ranar 16 ga Disamba, 1997 wani kashi na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi ya sa aka kai yara sama da 600 asibiti a Japan. An dakatar da shirin wata huɗu, tashoshi kuma suka kafa ƙa'idojin taƙaita walƙiya da ake bi har yau.

Hanya mafi sauƙi ga uba ko uwa ita ce duba shekarun da aka rubuta a jikin shiri, da karanta taƙaitaccen labarinsa, da zama a kalli kashi ɗaya ko biyu tare da yaro kafin a bar shi da shi. Ga ƙananan yara, Doraemon da My Neighbor Totoro mafari ne mai kyau. Matasa za su samu abin koyi a Haikyu!! da A Silent Voice. Babban da ke son ya gane dalilin da ya sa ake ɗaukar wannan sana'a da muhimmanci kuwa, ya fara da Grave of the Fireflies ko Monster, bayan yara sun yi barci.